Inda Igiyar Ilko Ta Ƙare

A Topoliya ba a cewa gireda ta wuce, sai dai a ce Harasim ya wuce. Shekara talatin da ɗaya Harasim Lazaruk ya yi a kan wannan inji, yana bin hanyoyin da suka haɗa ƙauyen da gonakin alkama na arewacin Saskatchewan. Lokacin zafi ya baje tsakuwa, in hunturu ya kama ya ture dusar ƙanƙara don motar makaranta da motar madara su samu wucewa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannunsa na hagu yatsu uku ne, sauran biyun sanyi ya cinye su tun yana saurayi. Magana ba ta dame shi ba. Matarsa Warwara takan ce maza biyu ta aura, Harasim da shirunsa, kuma shirun ya fi zama a gida.

Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma dusar ƙanƙara kam ya iya karanta ta. In ya dubi yadda ta kwanta a jikin shinge, sai ya gaya maka daga ina iska ta taso jiya, da lokacin da ta juya. Ya san tudun da iska ta tara, ya san tudun da akwai wani abu a ƙarƙashinsa. A tsawon aikinsa mutum tara ya tono. Biyar sun rayu, har ɗaya ya sa wa ɗansa sunan Harasim. Huɗu kuwa coci aka wuce da su. Abin da ya lura da shi, ba kasafai mutum ke mutuwa a tsakiyar daji ba. Kusa da gida ake mutuwa, a bayan rumbu, a jikin shinge, taku kaɗan daga ƙofa.

Akwai na goma, wanda ba shi ya tono ba. A watan Fabrairu na 1956 aka yi guguwar ƙanƙara ta kwana uku. Da ta ɗan lafa, aka tarar da motar wani manomi, Panko Derkach, a mararraba, ƙofa a buɗe, ba kowa a ciki. Aka nema har aka gaji. Harasim ne ya fara buɗe wannan hanya tun iska ba ta gama kwanciya ba, ya kuma bi ta sau da dama bayan haka, yana ture dusar zuwa gefe har ta zama doguwar ganuwa. Sai a watan Afrilu, da ƙanƙara ta fara narkewa, wata mata da ke kora shanu ta hango hannun riga a gindin ganuwar. Panko ne. Duk hunturun nan yana kwance ƙarƙashin abin da giredar Harasim ta tara.

Likita ya ce tun ranar farko Panko ya rasu, tun kafin gireda ta bar gareji. Harasim ya ce to. Amma daga wannan shekara ya tsiri wata ɗabi'a. In yana aiki ya ga wani tudu da bai gamsu da shi ba, sai ya tsaya, ya kashe inji, ya tuɓe hula, ya kasa kunne. Masu jira a bayansa su yi ta danna ƙaho. A shagon aski har suka riƙa cewa Harasim na sauraron ƙanƙara tana girma.

Warwara ta gaji ta ce, "Likita ya faɗa maka, fada ya faɗa maka a coci, ni ma na faɗa maka. Wa kuma kake jira ya faɗa maka? Panko?"

Ya ci gaba da shan miyarsa.

A zauren taro na ƙauyen akwai wani zane da aka rataye can sama da ƙusoshin rataye riguna. Tsohuwa Yustina Holowati ce ta zana shi bayan mutuwar mijinta, da ragowar fentin gida, a kan wani falanki da ta ciro daga tsohon kabad. Sunansa Hunturun Farko. Kowa ya san abin da ke ciki: bukkar ƙasa irin wadda iyayensu suka fara zama a ciki da suka iso daga Ukraniya, rabinta a binne, fitila a taga, hayaƙi na fita daga bututu, bargar shanu can nesa ta dama, sai wani mutum a tsaye cikin guguwa da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗaya bakin igiyar yana jikin ƙofa. Mutumin Ilko ne, mahaifin Yustina. An ce barga za shi ya ba shanunsa ci. Shekara ashirin zanen na wurin, an yi bukukuwan aure a ƙarƙashinsa, an ci abincin makoki, hayaƙin taba ya sa farinsa ya koma ruwan ƙwai. Harasim kansa ya sha rataye rigarsa a ƙasansa bai ɗaga kai ba.

A 1976 ya ajiye aiki. Sati biyu kawai ya yi a gida Warwara ta rasa inda za ta sa shi.

"Tashi, tsoho. Ka zauna mini a tsakar ɗaki kamar buhun dankali, in zan wuce sai na zagaya. Je ka zaure, Malam Orest na neman mai riƙe masa guduma."

A shekarar ne ƙauyen ke cika shekara saba'in, ana shirin biki a watan Yuli. Malam Orest, shugaban makarantar ƙauyen, shi ke kan gaba a shirin. Mutum ne mai kirki, mai son jin muryarsa. Ya sa an sauke zanen don a wanke shi, a yi masa sabon firam, an jingine shi da bango a ƙasa. Har ya rubuta abin da za a manna a gefensa, ya karanta wa Harasim da ƙarfi, hannu ɗaya a sama.

"Dubi uban gida, bai ji tsoron guguwa ba. Fitilar taga ita ce begen da iyayenmu suka zo da shi. Igiya ita ce zumuncin da ya ɗaure mu. Yaya ka ji, Kawu Harasim?"

"Ya yi daɗi," in ji Harasim. "Wane tebur ne ka ce yana rawa?"

Ya kwanta a ƙasa, ya shige ƙarƙashin teburin yana ɗaure ƙafarsa. Da ya gama, ya juya ta gefe zai miƙe, kuncinsa kusan a kan daɓe, sai ga zanen a gabansa, taku uku tsakaninsu. Bai miƙe ba.

Abin da ya fara gani shi ne ciyawar. A gaban zanen akwai wasu dogayen abubuwa sirara da kowa ya ɗauka itatuwa ne. Ba itatuwa ba ne. Busasshiyar ciyawa ce da ta leƙo daga cikin dusa, har da 'ya'yanta a kai. Ciyawa ba ta yin tsawo haka sai in idonka na gindinta. Bukkar ma daga ƙasa ake kallonta, ana ganin cikin rufinta, wurin da mai tsayuwa ba ya gani. Ya dubi igiyar. A miƙe take tam, ba lanƙwasa ko kaɗan. Ta ƙare, ga barga kuma har yanzu da nisa. Ya dubi hayaƙin bututu da jelar mayafin wuyan mutumin: duka biyun sun kwanto ne zuwa wajen mai kallo.



"Malam," ya ce, "wannan mutumin ba barga za shi ba."

Malam Orest ya leƙo ƙarƙashin tebur. "Ina za shi to, kasuwa?"

"Ina ciyawar da zai kai? Ina bokiti? Hannunsa biyu suna bakinsa."

"Yana hura musu iska ne, sanyi ake yi."

"Ba mai hura hannu cikin safa. Kira yake yi." Harasim ya nuna da yatsunsa uku. "Igiyarsa ta ƙare. Yana kallon barga don can yake zaton wanda yake nema ya nufa. Amma wanda guguwa ta ɓatar ba ya tafiya inda ya nufa, baya yake ba iska, ita ta tura shi. Nan ta turo shi. Nan inda nake kwance."

Malam Orest ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. "Kawu, tsohuwar nan ba ta taɓa shiga ajin zane ba. Ba ta san yadda ake nuna nesa da kusa ba, shi ya sa ciyawa ta zama itace. Kai kuma shekara talatin kana neman gawa a dusa, ko a cikin miya ka duba gawa za ka gani."

Harasim ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar guduma a kan tebur.

Kwana biyu yana yawo a gida, abinci sai Warwara ta yi faɗa. A rana ta uku ta naɗe baƙin burodi da kwalbar zuma a cikin tawul, ta dangwara masa.

"Yustina tana gidan tsofaffi a babban gari, ba a lahira take ba. Mil arba'in ne. Je ka tambaye ta, ka bar ni in sha iska."

Ya tarar da Yustina a bakin taga cikin kujera mai taya, bargo a cinyarta. Shekararta saba'in da tara, ta ƙanƙance kamar yarinya, amma idonta tar. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan gidan Lazaruk ne? Kai ne ka taɓa toshe mini ƙofar gida da dusa, na kwana biyu ban fita ba?"

"Ni ne, Goggo. Na dawo na buɗe ai."

"Ka buɗe bayan na zage ka. Me ka kawo? Zuma? To zauna, an yafe maka."

Ya zauna a bakin gado, hula a gwiwa. Ya tambayi lafiyarta, ta ce abincin gidan ba tafarnuwa, kamar ana ciyar da su takarda. Ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya ce, "Goggo, na ga zanenki."

"Kowa ya gani. Yana da kyau, ko? Haka kowa ke cewa."

"A kwance na gan shi."

Hannunta da ke shafa kwalbar zuma ya tsaya. Ta juya ta kalli taga. A waje wata ma'aikaciya na shanya zannuwan gado. Sai da ta gama shanya uku sannan tsohuwar ta yi magana.

"Rufe ƙofar nan."

Ya rufe.

"Sunanta Domka," ta ce. "Yayata ce. Shekararta goma sha uku, ni tara. Ba ka taɓa jin sunan ba, ko? Ba wanda ya ji. Innarmu ta hana a ambata shi a gida, ta ce in ta ji ba za ta iya tashi ta dafa abinci ba, ga ƙanana biyu a bayanmu. Haka muka girma, kamar ba a taɓa haihuwarta ba."

Ta ba shi labarin a hankali, ba kuka, kamar mai tsince tsakuwa daga wake. A wancan hunturu takalmin sanyi ɗaya ne tsakaninta da Domka, mai fita ita ke sawa. Ranar da abin ya faru rana ta fito fes tun safe, har ruwa na ɗiga daga rufi. Yustina ce ke da kai wa shanu ruwa. Ta ce cikinta na ciwo. Ƙarya take, gefen murhu ne ya yi mata daɗi. Domka ta harare ta, ta ce, "Maƙaryaciya, gobe sau biyu za ki je," ta sa takalmin, ta ɗauki bokiti ta fita. Ba a yi minti goma ba sama ta rufe. Mutum ya miƙa hannu ba ya ganin yatsunsa.

"Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ya fita. Duk igiyar da muke da ita ke nan, har da ta rijiya ya haɗa. Muna jin sa daga ciki yana kiran sunanta. Ya dawo, gemunsa duk ƙanƙara, ya ɗan ji ɗumi, ya sake fita. Sau bakwai. Ya so ya kwance igiyar, Inna ta riƙe ƙafarsa, ta ce in ya tafi shi ma duk mun mutu. Tun azahar yake kira har muryarsa ta tafi. Ba ta dawo daidai ba har ya bar duniya, da raɗa yake magana."

"A ina aka same ta?"

"Kwana uku bayan nan. Taku goma sha ɗaya daga inda igiyar ta ƙare. Baba ya ƙirga. Kullum sai ya je ya ƙirga, ko za su ragu." Ta gyara bargo. "A kwance take ta gefe, fuskarta na kallon gida. Babu fada a lokacin, babu coci. Baba ya hura wuta a ƙasa kwana biyu kafin ta haƙu, ya binne ta a wurin. Takalmin kuwa aka cire mata. Dole ne, shi kaɗai ne. Ni na sa shi har ya mutu a ƙafata, hunturu uku."

Harasim ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

Ta ce da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, sai ta ga ba abin da ya rage mata a gida sai Domka. Wata rana cikin hunturu ta sa aka kai ta tsohuwar gonarsu, wadda tuni aka sayar. Ta ce wa mai motar ya jira. Ramin bukkar na nan a lokacin. Ta auna tsawon igiya, ta ƙara taku goma sha ɗaya, ta kwanta a cikin dusa da rigar cocinta, ta duba. Abin da ta gani, da abin da ta tuna, shi ta dawo ta zana.

"Na kai zaure na ce yau za a tambaye ni. Suka tafa, suka ce Yustina ashe kin iya. Aka rataye shi can sama. Na ce to, shi ke nan."

Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tasa.

"Kai ka san iska, kowa ya ce haka. Shekara saba'in ina son in tambayi wani. Ni na zana hayaƙin yadda na tuna iska ta kaɗa a ranar. Faɗa mini, ta ji shi yana kira? Kada ka yi mini ƙarya, na tsufa da a lallashe ni."

Ya san amsar tun yana kwance a zaure. 

"Ta ji shi, Goggo. Iska ta kawo mata muryarsa kamar a kunnenta yake."

"Shi fa? In ta amsa?"

"Ko taku uku ne tsakaninsu ba zai ji ba. Iska ta kwashe."

Ta rufe ido. Ya ga leɓenta na motsi, ya zaci addu'a take. Da ta buɗe ido sai ta ce, "To. Ta san an fito nemanta." Can kuma ta ce, "Ta yi ta amsawa ke nan." Ba ta ce wanne ya fi nauyi a cikin biyun ba, shi ma bai tambaya ba.

Ta ƙura masa ido. "Kai ma kana da naka. Ba a ganin abin da ka gani a banza."

Nan ya ba ta labarin Panko, har abin da bai taɓa gaya wa Warwara ba: cewa a safiyar farko, daidai wurin da aka samu gawar daga baya, ya ji kamar wani abu ta cikin ƙarar inji, ya ce a ransa belin fanka ne, bai tsaya ba. Ya ce bai sani ba ko ya ji da gaske, ko daga baya ne zuciyarsa ta ƙirƙiro. Shekara ashirin yana juya abin, kullum yana ƙara dushewa amma ba ya tafiya.

Ya jira ta ce masa ba laifinsa ba ne, kamar yadda kowa ya ce. Ba ta ce ba. Ta buɗe kwalbar zuma, ta gutsuro burodi, ta dangwala, ta miƙa masa.

"Ci. Ba za ka sani ba. Ni ma ban san ko da na fita da na dawo ba. Ci mana, hannuna ya gaji."

Ya karɓa ya ci.

Da zai tafi ya tambaye ta ko ya gaya wa mutane. Ta ce ya bar Malam Orest da takardarsa, mutane na son biki, kuma ba ƙarya ba ne Baba jarumi ne. Abu ɗaya take so. "Nemo mini inda take. Ko ƙarfe ne ka kafa, a rubuta sunanta. Ina so a ce wani ya karanta shi da ƙarfi."

Cikin satin ya je tsohuwar gonar. Ya tarar da wurin ba kamar yadda ta kwatanta ba. An sare itatuwa, an cike ramin bukkar, an haɗe gonaki huɗu sun zama ɗaya, baƙar ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, an gama shuka. Ya bi gefen gonar a ƙasa har la'asar, bai ga alamar komai ba. Ya hango gidan mai gonar, Nikola Sawchuk, amma ya ji nauyin ya je ya ce wa mutum akwai kabari a cikin alkamarsa. Ya ce sai ya sake dawowa. Ya koma sau biyu, haka dai. Yana ta shirin zuwa ya gaya wa tsohuwar bai samu ba tukuna, sai ga labari a ƙarshen watan Yuni cewa Yustina ta rasu da safe, a kujerarta.

Ranar jana'izarta, bayan an watse daga cin abinci a zaure, Harasim ya koma ɗauko tukunyar Warwara. Ya tarar da Malam Orest shi kaɗai, da baƙar kwat ɗinsa, kwance a daɓe gaban zanen. Da ya ji motsi ya miƙe da sauri yana kaɗe hannun riga. Suka dubi juna.

"An riga an buga takardun bikin, Kawu," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ɗari biyar."

"Ita ma cewa ta yi a bar su."

Aka yi biki, aka yi rawa, aka karanta maganar fitila da bege, mutane suka tafa. Malam Orest ne ya karanta, amma bai ɗaga hannu ba, da ya zo kan igiya kuma sai ya tsallake layin.

A watan Agusta Warwara ta ga mijinta ya ƙera gicciye da guntun tsohon ƙarfe, ya rubuta suna da walda, ya jingine shi a gareji yana ta kallo. Ta ɗaura ɗankwali ta ce ya tayar da mota.

"In an bar ka, sai mun mutu gicciyen nan na gareji. Kai dai ka tuƙa, ni zan yi magana."

Suka sami Nikola Sawchuk yana gyaran injin girbi, hannu duk baƙin mai. Warwara ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Nikola, akwai yarinya binne a gonarka, mun zo mu sa mata alama."

Harasim ya so ƙasa ta tsage ya shige. Nikola ya ajiye sifana, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Yarinya ce ashe," ya ce. "Ku zo."

Ya shige gaba cikin alkama, wadda ta kai musu ƙugu, ta fara ja. Sun yi tafiya mai ɗan nisa, hanya ta ɓace a bayansu, sai ya tsaya. A tsakiyar gonar akwai wani ɗan fili da bai fi faɗin ƙofa biyu ba, wanda garma ba ta taɓa shiga ba. Ciyawar daji ce a wurin, irin wadda ta ƙare a ko'ina, da wata 'yar ƙayar fure.

"Babana ne ya sayi gonar daga hannun tsoho Ilko," in ji Nikola. "Ranar da ya fara ɗora ni a tarakta ya kawo ni nan, ya ce in na zo wurin nan in ɗaga garma. Na ce me ya sa, ya ce shi ma haka aka roƙe shi, bai tambaya ba. Ɗana yana ta mita wai ina ɓata masa layi. Na ce ya ɗaga dai."

Nikola ya koma ya ɗauko shebur. Su biyu suka haƙa rami a gefe, ba a tsakiya ba, suka kafa gicciyen, suka danne gindinsa da duwatsu. Warwara ta shimfiɗa tawul, ta ajiye burodi da kwanon dafaffiyar alkama da zuma, kamar yadda ake yi wa mamaci. Ta zunguri mijinta da gwiwar hannu.

"Karanta mana. Da ƙarfi aka ce."

Harasim ya tuɓe hula. Ya yi gyaran murya ya karanta.

"Domka, 'yar Ilko."

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har wasu tsuntsaye suka tashi daga cikin alkama.  Warwara ta ce daga baya ita dai ta ƙosa su bar wurin, don ta ga mazan nan biyu sun tsaya kamar masu jiran a amsa.

Harasim ya ƙara shekara tara a duniya. Ya yi kiwon zuma a bayan gida, ƙudan suka yi ta harbinsa, bai taɓa samun zumar kirki ba. Warwara ta riga shi da shekara biyu, gidan ya yi masa faɗi, 'yarsu ta so ta ɗauke shi zuwa birni ya ƙi. Ya rasu a watan Yuli, ranar da aka yi zafin da har kwalta ta yi laushi, a kan benci a ƙofar gidansa, da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Ɗan Nikola ne ke noma gonar yanzu. Injinansa sun ninka na ubansa faɗi, zagaye wurin na ci masa lokaci, yana mita duk shekara, yana kuma zagayewa.